Naman Layyar da Aka Maido wa Yaya Haruna

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Haruna makwancinsa a nan Jidda. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne autan maza. Iyayenmu Hausawan Sudan ne da suka zo aikin hajji suka zauna, aka haife mu a nan, muka tashi a unguwar Madain Fahd. Ni na gaji shagon yadin mahaifinmu a kasuwar Bab Makka. Shi kuwa tun yana ƙarami hankalinsa na kan injina, har ya sami aiki a wata ma'aikatar robobi a unguwar masana'antu ta Jidda. Duk shekara idan lokacin rasuwarsa ya zagayo nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana na kasa yin shirun, saboda ɗana Anas da ke karatu a Turai ya dame ni da hotunan da yake turo mini a waya, kuma duk wanda na buɗe sai in ji ina tambayar kaina me Yaya zai ce.

Ma'aikatarsu ce ta tura shi arewacin Ingila ya koyo gyaran sababbin injinan da ta sayo. An ce watanni zai yi, sai masu ƙera injinan suka riƙe shi, ya shafe shekara tara. Ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai suna Doris, wadda mijinta ya mutu, 'ya'yanta suka watse wasu garuruwa. Ranar da ya shiga gidan ya ga gicciye rataye a zaure, ga littafin addininsu a kan tebur, sai zargi ya shige shi. Ya gaya mini cewa wata guda cur bai ci abincinta ba, daga burodi sai kifin gwangwani. Da ta kwashe kayan wani ƙaramin ɗaki ta ce ya riƙa salla a ciki, zarginsa ƙaruwa ya yi. Ya ce a ransa, da walakin goro a miya.

Kuma akwai walakin ɗin. Wata rana suna shan shayi ta dube shi ta ce, "Haruna, ba zan ɓoye maka ba, kullum ina yi maka addu'a ka gane hanyarmu."

Ya ce mata, "Ni ma, Iya, kullum ina yi miki addu'a ki gane tamu."

Ta yi dariya ta ce to sai a bar wa Allah ya zaɓi wadda zai amsa. Yaya ya ce daga ranar ya fara cin tuwonta, idan ana iya kiran dafaffen dankali tuwo. Dalilinsa shi ne ta faɗi abin da take so da bakinta. Wanda ya nuna maka wuƙarsa, in ji shi, ka san gefen da za ka zauna.

Wanda Yaya bai taɓa yarda da shi ba shi ne wani shugaban sashensu a wurin aiki. Da Yaya ya nemi a riƙa ba shi lokacin zuwa masallacin Juma'a, sai mutumin ya ɗaure fuska ya ce nan ƙasar Kiristoci ce, wanda ya zo sai ya bi al'adarta. Yaya ya tambaye shi cikin ladabi wane coci yake zuwa. Mutumin ya ce rabonsa da coci tun ranar ɗaurin aurensa. Wannan amsa ta zauna wa Yaya a rai har ya mutu. Yakan ce Kiristan da ke ibada bai taɓa hana shi salla ba, wanda ya hana shi shi ne wanda ba ya tuna addininsa sai ya ga baƙo.

Shi ya sa da Anas ya turo mini hoton wani gangami a garin da yake, ga matasa ɗauke da manyan gicciye suna ihun a kori baƙi, ban yi mamaki ba. Anas ya ce, "Baba, Kiristanci ya dawo Turai da ƙarfi." Ni dai ban sani ba. Na san Yaya da yana nan zai karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido, ya duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaya ina waɗannan suke zuwa ranar Lahadi da safe. Wataƙila a cikinsu akwai masu nema da gaske, don zuciya ba a leƙa ta. Amma biri ya yi kama da mutum. Ɗaga gicciye a titi ba wuya, kowa ma zai iya.

Cocin da Doris take zuwa, in ji Yaya, ginin dutse ne da zai ɗauki jama'ar unguwa guda, amma tsofaffi 'yan kaɗan ne ke taruwa a sahun gaba. Wani cocin a garin an mai da shi ɗakin ajiye darduma, wani kuma gidan giya. Da ƙafafunta suka gaza, Yaya ne ke kai ta a motarsa duk Lahadi. Da farko yakan jira a waje. Da sanyi ya tsananta sai ya riƙa zama a bencin bakin ƙofa daga ciki, hannuwansa a aljihu, har a gama. A nan ya ga abin da ya daɗe yana ba shi dariya: a shekarunsa na ƙarshe waɗanda suka cika bencinan baƙaƙen fata ne daga Najeriya da Gana. Yakan ce Turawa sun kai haja kasuwar nesa sun sayar kaf, yanzu masu sayen ne ke kawo musu ɗanɗano.

Bai kuma yarda da masu cewa sun yar da addini gaba ɗaya ba. Yana da abokan aiki irinsu, mutanen kirki ma. Amma yakan ce ka duba hutunsu na Lahadi, ka duba sunayen asibitocinsu da makarantunsu, ka duba yadda suke maganar tausayin mai rauni, za ka ga duk daga coci suka kwaso. Sun sare bishiyar suna zaune a kan kututturen, suna cewa su ba su taɓa buƙatar inuwa ba. Abin da yake tambaya, kuma bai sami amsa ba, shi ne me jikokinsu za su zauna a kai idan kututturen ya ruɓe.

Doris ta rasu a shekararsa ta ƙarshe a can. 'Ya'yanta suka zo, suka rasa mazan da za su cika masu ɗaukar akwatin gawar. Yaya ya sa kafaɗarsa. Ya ce da aka fara waƙoƙin cocin, 'ya'yan nata kallon takarda kawai suke yi, ba wanda ya iya. Wani ɗan Sudan da ke zaune a garin ya hango shi yana fitowa daga coci da gawa a kafaɗa. Mutumin ya zo umara ya ba da labari a Jidda. Magana zarar bunu ce. Kafin Yaya ya dawo, saboda rashin lafiyar mahaifiyarmu, labarin ya riga shi sauka, kuma ya yi ƙiba a hanya. Wasu sun ce an yi masa wankan shiga addinin, wasu sun ce har suna ya canza.

Ba wanda ya tare shi da maganar. Gaisuwa ce dai ta gajarce. Idan ya zauna a majalisar cin ful da tamis, wato wake da burodi, da safe sai hira ta mutu. A masallaci na sha ganin mutane suna satar kallon yadda yake alwala, kamar masu jiran ya manta wani abu.

Abin ya fashe ne da babbar salla. Yaya ya yanka ragonsa da hannunsa a tsakar gida, aka raba nama aka aika maƙwabta. Ba a jima ba sai ga tiren gidan Alhaji Sale ya dawo da namansa a rufe, ba a taɓa ba. Alhaji Sale dattijon unguwa ne, abokin mahaifinmu, shi ya raɗa wa Yaya suna. Saƙon da ya biyo tiren gajere ne: a yi haƙuri, ba su san yankan wa za su ci ba.

Mahaifiyarmu ta fashe da kuka. Yaya ya tsaya yana kallon naman, sannan ya ce mini, "Idrisu, ka gane abin da ake nufi? Da Kirista aka haife ni, yankana halal ne gare shi. Ridda yake nufi."

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. Mu da aka haifa a nan ma da iƙama, takardar izinin zama, muke zaune, zaman kowa na rataye da sa hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Kalma irin wannan idan ta kai kunnen da bai kamata ba, rasa aiki shi ne mafi sauƙin abin da zai biyo baya. Na ce masa ya yi shiru ƙura ta lafa. Ya ce ƙurar da aka yi shiru a kanta ita ke zama ƙasa.

Bayan la'asar, kafin mutane su watse, ya matsa gaban liman ya roƙi Alhaji Sale ya tsaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba Alhaji, kai ka raɗa mini suna, kuma sunan nan nake amsawa har gobe. Na shiga coci, gaskiya ne. Na ɗauki gawar matar da ta ciyar da ni shekara tara, ta share mini wurin salla, ta ajiye mini abincin buɗa-baki duk azumi. In da za ta sake mutuwa zan sake ɗauka. Amma goshina bai taɓa ƙasa don kowa ba sai Allah." Sannan ya yi kalmar shahada a gaban kowa.

Alhaji Sale ya ce, "To me ya kai ka ciki? Ba ka iya tsayawa a waje?"

Yaya ya ce, "Akwatin ba ya fitowa da kansa, Baba."

Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Halas, ya isa. Mutum ya yi shahada a gabanku. Zato zunubi ne." Aka yi musafaha, aka watse.

Da a tatsuniya ne, da nan maganar ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Labarin ya kai wa mudir, wato manajan ma'aikatarsu, kuma shugabancin sashen da aka yi masa alkawari saboda iliminsa aka bai wa wani, ba bayani. Gidan da ya fara neman aure suka yi ta ja masa rai har ya haƙura ya nemi wani. Alhaji Sale ya ci gaba da gaisawa da shi, amma har ya bar duniya bai sake cin abin da ya fito daga gidanmu ba. Yaya bai taɓa zaginsa ba. Abin da kawai ya canza shi ne ya daina yarda da yawan nuna addini daga kowane ɓangare. Idan ya ga mutum yana yawan auna imanin wasu, sai ya ja baya da shi, ko a Ingila ne ko a Madain Fahd.

Na taɓa tambayarsa a shago, muna ninke yadi, ko zaman da ya yi a bakin ƙofar cocin nan ya taɓa girgiza shi. Ya ce, "Aƙidarsu ba ta taɓa shiga kaina ba. Amma na ga tsohuwa tana jan ƙafa cikin ƙanƙara don ta je ta roƙi Ubangiji, ni kuma ga lafiya ina jin nauyin tashi asuba. Wannan ya girgiza ni, ɗan'uwana."

Kwanan baya Anas ya sake turo wani hoton, wannan karon wani tsohon coci ne da Musulmi suka saya suka mai da shi masallaci. Ya haɗa da kabbara da alamun murna. Na yi hamdala, don ɗakin da ake ambaton Allah ya fi gidan giya. Amma na san Yaya ba zai yi saurin tafi ba. Zai ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya kwashe 'ya'yan Doris daga coci ba wa'azin wani addini ba ne, shagala ce da kasuwa da ganin cewa mutum ya ishi kansa, kuma waɗannan ba sa neman biza. Ga su nan a Jidda. Manyan kantunanmu yanzu suna sayar da bishiyoyin ado na Kirsimeti a ƙarshen shekara, wasu na ta kururuwar cewa Kiristanci ya shigo. Ina jin Yaya zai ce su kwantar da hankali, ba Kiristanci ba ne, abin da ya cinye Kiristancin ne ya iso. Ni ma idan na dubi sahun asuba a masallacin unguwarmu, na ƙirga furfura, sai in ji tsoron da yake ji.

Ban ce duk abin da ya faɗa daidai ne ba. Gari ɗaya ya zauna, tsohuwa ɗaya ya sani sosai, kuma Turai ta fi haka faɗi. Zarginsa ma wani lokaci yakan yi yawa, har mai alheri na gaskiya sai ya sha tambayoyi kafin ya yarda da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Bai bar gadon gida ba, bai bar muƙami ba, kabarinsa ma kamar na kowa a nan ba suna a kai. 'Ya ɗaya ya bari, Safiya, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti, inda yawancin abokan aikinta Kiristoci ne 'yan Filifin. Duk ƙarshen shekara takan karɓi aikin ɗaya daga cikinsu don ta samu ta yi bikinta, su kuma su karɓi nata ranar salla. Wata 'yar'uwarmu ta taɓa ce mata ta yi hattara, mutane na magana. Safiya ta gyara mayafinta ta ce, "Gwaggo, su yi. An yi da wanda ya fi ni."

Allah ya ji ƙan Yaya Haruna, ya yi masa hisabi da abin da ke cikin zuciyarsa, ba da abin da aka faɗa a kansa ba.