Uwar Ɗaki a Bakin Keke

Da mijinta ya rasu, ya bar mata 'ya'ya uku da ƙaramin kamfanin ɗinkin labule, ita kuwa ko zare ba ta iya zura wa keke ba. Malamar firamare ce. Ma'aikatan suna kiranta Uwar Ɗaki, amma ta ga alama sun cire rai da wurin. Kekuna na ta aiki, ba mai ce wa wani uffan.

Ta yi kwanaki a ofishin marigayi, shirun nan yana damunta. Wata safiya ta jawo kujera ta zauna kusa da Baba Mai Yanka, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin.

"Baba, koyo na zo."

"Ranki ya daɗe, almakashin nan ya fi alli nauyi," in ji shi.

"To, a fara ni da mai sauƙi."

Ya haɗa ta da Gajera, mai kalmasa bakin labule. Labulen farko da Uwar Ɗaki ta ɗinka, gefe ɗaya yana jan ƙasa, ɗayan ya tsaya a gwiwa. Direban kamfanin ya ɗaga shi ya ce, wannan sai dai gidan da aka gina a kan gangara. Gajera ta toshe baki, dariya ta ƙwace mata, kowa ya kama. Uwar Ɗaki ta fi kowa yi, har da hawaye.

Zaman nan ya buɗe mata ido. Ta ga Baba yana ƙanƙance ido saboda fitilarsa ta dushe, aka canza. Ta ga mai guga yana jiƙewa da gumi a lungu, aka mayar da teburinsa bakin taga. Gajera kullum hankalinta na kan ɗiyarta da ke tashi daga makaranta da azahar, sai Uwar Ɗaki ta ce mata ta riƙa zuwa ɗauko ta. In wanda aka yi wa aiki ya yaba, takan kira wanda ya ɗinka ya ji da kunnensa.

Ba kowa ta riƙe ba. Tela ɗaya ya samu wurin da ya fi, ta raka shi har ƙofa da addu'a, kuma har yau yana leƙowa gaisuwa.

Yanzu furfura ta fito mata. Mai wucewa ta layin yakan ji ƙarar kekuna haɗe da gardama da tsokana. Ita tana tsakiyarsu da tabarau a kan hanci, tana jiran Gajera ta duba mata ɗinki.