Zazzage, Matar da Ta Zauna a Kan Tsanin Yayana

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar ƙaramin asibitinmu, ita ta riga ta shige ɗakin magani. Za ta rataya mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta zura farar rigar aikin da wanki ya cinye wa wuya, ta goge faffaɗan allon katakon da ke bakin tagarta har sai ya yi ƙyalli. Sannan ta ɗora tabarau a karan hanci, ta ɗage murfin taga. Bayan gaisuwa, kalmar da mai layi zai fara ji daga bakinta ba ta taɓa canzawa ba:

"Zazzage."

Nufinta ka juye duk maganin da kake sha a kan allon nan. Na likita, na kemis, wanda maƙwabciya ta ara maka, har wanda ka manta a aljihun tsohuwar riga. In ba ka zo da su ba, ka koma ka ɗauko. Shekara talatin da ɗoriya tana faɗin wannan kalma, har ta zame mata suna. Jikarta ma na ji tana kiran ta Kaka Zazzage.

Makon jiya ta ajiye aiki. An yi ɗan taro a baranda, aka sha lemo, aka miƙa mata agogon bango. Ina fitowa na ji wasu a bakin ƙofa suna cewa, "Kai, mun huta. Yanzu layi zai riƙa tafiya." Saboda su na zauna rubuta wannan, kuma ba lallashinsu na zo yi ba.

Gaskiya ne layinta ba ya sauri. Gaskiya ne ba ta iya murmushin talla ba. An kai ƙararta wurin shugaban asibiti ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba: ta cika bin diddigi, ta cika tambaya, tana yi wa manya magana kamar 'yan firamare. Duk na ji, wasu ma na yarda. Amma ku bari in gaya muku abin da ke riƙe layin.

Akwai wata ƙwayar hawan jini da likitoci ke rubutawa yanzu, wadda magani biyu ne aka haɗa a cikinta. Ɗaya yana sassauta jijiyoyin jini, ɗayan yana fitar da ruwan da ya yi wa jiki yawa ta hanyar fitsari. An yi ta ne don a rage wa mutane wahalar haɗiye ƙwayoyi barkatai. To, a kan wannan ƙwaya Zazzage ba ta da sassauci ko kaɗan. Sai ta ɗaga ta sama tsakanin yatsu biyu ta ce, "Kana ganin ta guda ɗaya? Su biyu ne a ciki. Da safe za ka sha, don kada fitsari ya hana ka barci. In za ka tashi, tashi a hankali, ba kamar an kira ka rabon gado ba. In amai ko gudawa ya kama ka, kada ka yi ta sha ido rufe, zo ka tambaya. In leɓe ko fuska ta kumbura, asibiti kai tsaye. To, maimaita mini." Kuma sai ka maimaita, ko da rawaninka ya kai girman tayar mota.

Mai sharar asibitin ta ba ni labarin wata matashiya da ta zo karɓar wannan ƙwaya tare da mijinta. Zazzage ta sassauta murya ta tambaye ta ko tana da ciki, ko tana nema. Miji ya hau sama: ina ruwan mai ba da magani da sirrin gidansa? Ta ce, "Malam, sirrin gidanka naka ne. Amma wannan irin ƙwayar tana yi wa ɗan tayi illa. Sai na ji amsa." Matar ta sunkuyar da kai ta ce wata biyu ke nan ba ta ga al'ada ba, kuma ko likita ba ta gaya wa ba, kunya ta hana. Zazzage ta mayar da ƙwayar kan shiryayye, ta raka su ɗakin likita da ƙafarta, aka canza mata wani.

Wannan labarin wasu ne. Nawa na gidanmu ne.

Yayana kafinta ne, na rufin gini. Tun ina goye yake tafiya a kan katakon da bai fi faɗin tafin hannu ba, guduma a ƙugu, ƙusoshi a baki. Mutum ne mai kirki, amma taurin kansa ya fi na katakon da yake bugawa. Kuma yana da wata ɗabi'a da muka gada daga mahaifinmu: a gidanmu ba a zubar da abu. Ƙusar da ta lanƙwashe a miƙe ta, guntun katako a ajiye don wata rana. Magani ma haka. Yana da wani tsohon gwangwanin alewa a kan kwabarsa, duk ƙwayar da ta taɓa shigowa gidan tana ciki.

Ya daɗe yana shan ƙwayoyin hawan jini iri biyu. Da likita ya mayar da shi kan mai biyu-a-ɗaya, ya gaya masa ya daina tsofaffin. Yaya ya ce to, amma hankalinsa yana wurin ginin da ya baro. Ya ba matarsa, wadda muke kira Anti, takardar maganin ya ce ta karɓo masa.

Zazzage ta karanta takarda ta dubi Anti ta saman tabarau. "Ina mai jikin?"

"Yana wurin aiki, Hajiya. Kafinta ne, yana kan rufi."

"To ya sauko. Ya zo da kansa, da duk abin da yake sha. Sabon magani ne, ba zan ba da shi a saƙo ba."

Da Anti ta isar da wannan, Yaya ya yi tsaki har sau uku. "Ni za ta yi wa mulki a kan magani? Ita kaɗai ke da shi a duniya?" Ya biya wani kemis a hanya ya saya, ba wanda ya tambaye shi komai. Ya dawo ya jefa sabuwar ƙwaya cikin gwangwani. Tsofaffin kuwa da saura, kuma a gidanmu ba a zubar da abu. Sai ya yanke wa kansa hukunci: zai riƙa haɗawa da sabuwar har su ƙare. Bai san abin da ke cikin tsofaffin shi ne dai ke cikin sabuwar ba. Kullum safiya yana shan maganinsa ninki biyu, ya ɗora da maganin ciwon jiki saboda gwiwa, ya ɗauki guduma ya hau sama cikin rana.

Ba a jima ba Anti ta fara ganin yana dafa bango in ya tashi daga tabarma. Ta yi magana, ya ce rana ce. Ta sake yi, ya ce mata sun cika tsoro. Ranar da ta ga ya sunkuya ɗaura takalmi ya kusa kifawa, sai ta jira ya fita. Yana fita ta sa gwangwanin a leda ta nufi asibiti.

Ta ce mini da Zazzage ta juye gwangwanin, ƙwayoyi sai da suka gangara har ƙasa, don a lokacin bakin tagar siriri ne. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta ware tsofaffin biyu, ta ajiye sabuwar a gefensu, ta ɗora maganin ciwon jikin a kai.

"Duka yake sha?"

"Duka, Hajiya. Wai kada su lalace."

"Yana ina yanzu?"

"Bene ne mai hawa biyu, yau suke ɗora kwano."

Zazzage ba ta ƙara tambaya ba. Ta kira abokiyar aikinta ta riƙe mata taga, ta cusa abin awon jini a jaka, ta ce wa Anti, "Mu je." Mutanen layi suka yi ta gunaguni. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Leburorin wurin har yau suna ba da labarin. Yaya ya sauko shan ruwa, yana zaune a kan bulo. Sai ga wata dattijuwa cikin farar riga ta ratso yashi da tsakuwa, ta wuce shi, ta je ta zauna daram a kan matakin farko na tsaninsa.

"Baiwar Allah, lafiya? Tashi, aiki nake yi."

"Ni ma aiki nake yi. Miƙo hannunka."

Ya hango Anti da ledar gwangwani a bayanta, ya gane. Ransa ya ɓaci. A gaban yaran aikinsa, a gaban mai gini, mace ta zo ta tsare masa tsani! Ya ce, "Hajiya, ina ganin girmanki. Shekaru nawa ina hawa rufi ban faɗo ba?"

"Shekaru nawa kana shan magani ninki biyu? Ka ji ni da kyau, kafinta. In ka ga ka hau tsanin nan yau, to ɗauke ni ka yi ka jefar. Ga ni, bismilla."

Mai gini ya sa baki, ya ce hadari na haɗowa, in ba a rufe ba ruwa zai ɓata masa silin. Ta ce masa, "Alhaji, silin ana sake shi."

Yaya ya zabura ya miƙe don ya nuna mata ƙarfinsa. Nan take idonsa ya rufe. Ya yi taku ɗaya, gwiwoyinsa suka saki, ya zube a kan tulin yashi. Daga tsaye ya faɗi, kan yashi mai laushi, ko ƙwarzane bai yi ba. Babban leburansa ya ce mini ya ɗaga kai ya dubi inda Yaya zai kasance da an bar shi ya hau, sai ya dafe kai yana salati.

Ta auna jininsa a nan kwance, ya yi ƙasa ƙwarai. Aka kai shi asibiti, aka ƙara masa ruwa, likita ya duba ƙodarsa ya ce an zo a kan gaɓa. Ita kuma washegari aka kira ta ofis, aka ja mata kunne a kan barin taga lokacin aiki. Ta ce ta ji. Aka ce ta yi alkawarin ba za ta sake ba. Ta ce wannan kam ba za ta iya ba.

Da ya faɗo daga benen nan, na san abin da za a ce a zaman makoki: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ba wanda zai buɗe gwangwani. Ke ce kika buɗe shi, Hajiya. Ke ce kika zaɓi a zage ki a layi a kan a yi mana ta'aziyya. Ba ki san Yayana ba, bai taɓa yi miki ko sannu ba, ya ma raina ki, amma kika taka rana kika je kika zauna masa a tsani. Zazzage ƙi-sassauci, mai hana magani zama guba! Ina rubuta wannan idona yana kawo ruwa, kuma ba na jin kunya.

Yaya ba mutumin da ke iya cewa na gode ba ne. Da ya warke, ya zo da ma'auni ya gwada bakin tagarta, ya tafi. Ya dawo da faffaɗan allo, ya yi masa ɗan baki kewaye don kada ƙwaya ta sake gangarawa. Allon da take gogewa kowace safiya ke nan. Yanzu ƙwayarsa ɗaya ce da safe, ba ya ƙetare rana ko da yana jin garau, kuma ko maganin mura ba ya sha sai ya tambaya.

Mun gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri, ya sa ki ci moriyar hutunki. Ku kuma da ke bayan tagogin magani, a asibiti ko a kemis, ku yi tambaya ko za a ce kun cika tsirfa. Mu da ke layi, mu zo da ledojinmu, mu daina ara wa juna ƙwaya, mu daina ƙarasa tsohon magani don kada ya lalace. Sauri ya haifi nawa, mun gani da idonmu.

Shekaranjiya na raka Yaya karɓar maganinsa. Muka tarar an cire allon an jingine a bayan ƙofa, wai sabon tsari: miƙo takarda, karɓi magani, wuce. Sabuwar ma'aikaciyar, yarinya mai ladabi, ta miƙo masa ƙwayar. Bai karɓa ba. Ya je ya ɗauko allon, ya mayar da shi gurbinsa, ya fito da gwangwani ya juye.

"Baba, an ce mu daina wannan, layi yana tsayawa."

"Ya tsaya, 'yata. Duba min."

Ta dubi ƙofar ofis, ta dubi allon. Sai ta jawo kujera ta fara warewa. Wani a baya ya fara tsaki, wata murya ta katse shi:

"Kafinta, ka yi ka gama, kana tsare mana layi."

Muka waiwaya. Ita ce, cikin mayafinta, ba farar riga, katin asibiti a hannu. Ashe duk shekarun nan ita ma tana fama da hawan jini, ba wanda ya sani. Da layi ya zo kanta, yarinyar ta miƙe tsaye, ta ce, "Mama, ai ke ba sai an duba naki ba."

"Wa ya gaya miki?" in ji ta.

Ta kwance bakin ledarta, ta zazzage.