Ranar da Kuloci Ya Ƙi Kai Mu Tsohon Gari

Da aka mayar da ni koyarwa wata firamare a bayan Ɗansoshiya, dole ta sa na nemi babur, don daga Ƙafin Maiyaki zan riƙa zuwa kullum, rani da damina. Raina yana kan roba-roba, irin ta malamai 'yan'uwana: ba kuloci a hannu, ba shan mai, ka sauka da wandonka fes. Baba ne ya ce bai yarda ba. Mutumin da bai taɓa riƙe kan babur ba, amma ya bi ni har wurin masu sayarwa, yana dogara sanda, yana latsa kujeru kamar mai tayin jaki.

"Wannan ta masu kwalta ce," in ji shi. "Ka taɓa bin hanyar nan da marka? Ɗauki irin na 'yan acaɓa, mai doguwar kujera."

Na saya ina jin haushi, wallahi, don ƙato ne kuma mummuna. Amma daminar farko ta raba gardama. Ina ratsa taɓo a giya ta ɗaya, abokan aikina suna tura roba-robarsu, takalma a hannu.

Baba yana cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garuruwansu. An kwashe masu rai, an bar matattu, cikinsu har da mahaifiyarsa. Duk bazara, in ruwa ya ja baya sosai, wurin tsohon garin yakan fito, shi da ƙaninsa su hau keke su je su yi mata addu'a. Ba tudu, ba fasasshiyar tukunya, ruwa ya share komai. Su biyun ne suka san yadda ake daidaita wani kututturen tsamiya da wani dutse a gane kabarin. Ba su taɓa zuwa da mu ba, wai yara ba su da abin yi a can, ko da yaran sun fara furfura. Sai ga shi ƙanin ya rasu. Bayan sadakar bakwai Baba ya kira ni ya ce, "Saura ni kaɗai. Bazarar nan za ka kai ni in nuna maka."

A shekarar ne ciwon baya ya kama shi. Ni nake kai shi asibiti a Tudun Wada, kuma duk ramin da muka faɗa sai in ji ya damƙe rigata yana salati ƙasa-ƙasa. Sai na koyi wata dabara: in riƙe kuloci rabi da rabi, ba a matse ba, ba a sake ba, babur ya riƙa tafiya sumul, babu fizga. Baba ya ji daɗin abin. Ya daina yarda kowa ya ɗauke shi, ya ce 'yan acaɓa buhun masara suka ɗauke shi.

Wajen ƙarshen rani babur ya fara yi mini iya shege. In murɗa totur, inji ya yi ta kururuwa, gudu kuwa babu. A hawan tudu sai wani ƙauri ya taso. Na sassauta wayar kuloci, ko ta yi tsauri ne, ya ɗan yi dama-dama. Na canza baƙin mai, don an ce mini na mota yana sa santsi. Duk a banza. Na kai wa bakanikenmu, abokina tun muna yara, wanda bakinsa ba ya shiru.

Ya hau ya zaga, ya dawo ya ce, "Malam, kai da kulocin nan aure kuka yi? Ka sakar masa mara mana! Faya-fayansa sun cinye saura ƙiris."

Na gaya masa dalili. Sai ya bar dariya. Ya ce waɗanda ke shagonsa jabu ne, ba zai sa mini ba, in dakata zuwa ranar kasuwa a kawo masu kyau daga Kano.

Baba kuwa ya ƙi dakatawa. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Doguwa, zafi ya kai maƙura, shi kuma ya ce ya san jikinsa, yau yana da ƙarfi, gobe oho. Na ce a samo ɗan acaɓa, ya ce sai dai a fasa. Na yi ta magiya har na fara ɗaga murya, ya dube ni kawai, na je na fito da babur. Muka kama hanya da hantsi.

Kwalta ba ta ba mu wahala ba. Da muka sauka muka shiga burji, daga burji muka faɗa yashi, nan ne abin ya tsaya. Inji yana ihu, taya ko motsi. Na sa giya ta ɗaya, na sake kuloci gaba ɗaya, na tura da ƙafa. Ƙauri ya turnuƙe mu. Na sauka na kwance wayar ɗungurungum, na sake gwadawa. Kai! Ban taɓa jin tsanar wani abu kamar yadda na tsani ƙarfen nan a ranar ba. Na shure shi har ɗan yatsana ya fashe.

Ga filin can muna hango shi, fari fat, yana rawa cikin rana. Ga mai lafiya ba wata tafiya ba ce. Baba ya gwada, bai yi nisa ba ƙafafunsa suka ƙi, na zaunar da shi a gindin wata ƙaya. Na durƙusa na ba shi baya na ce, "Baba, hau in goya ka."

"Tashi," ya ce. "Sau ɗaya ake ɗaukar mutum zuwa maƙabarta. Nawa bai zo ba tukuna."

"Don Allah, Baba. Babu mai ganinmu."

"Ni ina gani."

Sai ya kwatanta mini. In sa kututturen tsamiya a damata, in fuskanci dutse mai tsagi, in yi ta tafiya har tsagin ya ɓace. Na tafi da sauri. Da na isa sai na tarar da kututture ba ɗaya ba, ba biyu ba, duk baƙaƙe, duk ruwa ya cinye su sun zama iri ɗaya. Duwatsun kuma kowanne da tsaginsa. Na yi ta zagaye kamar wanda ya yar da allura, ina waiwayen Baba, shi kuma ya zama ɗan ɗigo a gindin ƙaya. Na koma na faɗa masa gaskiya, na ce ban gane ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗaga hannu ya fuskanci filin gaba ɗaya ya yi addu'arsa, hawaye yana bin gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Wani mai amalanken shanu ne ya kwaso mu, mu da babur, Baba yana rawar ɗari da zazzaɓi.

Ranar kasuwa aka kawo faya-fayan. Kafin in shanye kokon da na saya, abokina ya gama ɗaurawa. Na tsaya ina kallon aikin. Babur ya warke, Baba yana kwance. Kafin ya iya zama da kansa ruwa ya sauka sosai, Tiga ta cika ta rufe wurin. Da kaka Allah ya yi masa rasuwa.

Da bazara ta zagayo na koma ni kaɗai. Babur ya ratsa yashin nan ko tari bai yi ba. Na kafe shi a bakin filin, na tsaya ina kallon busasshen taɓo, ya tsattsage har iya ganina. Kakata tana nan a ciki, wataƙila can nesa, wataƙila ƙarƙashin ƙafata, kuma duk duniya babu wanda zan tambaya. Sai na cire takalmana na riƙe a hannu, na yi sallama, na shiga. Ƙasar tana ƙuna kamar garwashi, amma ban san inda zan taka da takalmi ba.