Barista Haulatu da Saƙon da Ba a Buɗe Ba

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Fabrairun 2025, ina tsaye a ƙofar kantin da nake gadi a unguwar Al-Sadd da ke birnin Doha, Dakta Sharafaddeen ya kira ni. Ko sallama bai iya yi ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Ado, Barista ta rasu." Matarsa ke nan, Barista Haulatu Ɗalhatu, lauyar da ke tsaya wa ƙanena Suraj a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Ciwon zuciya ne na farat ɗaya, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Lalle mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Washegari bayan la'asar muka raka ta makwancinta a maƙabartar Abu Hamour.

Barista, mutane da yawa za su yi magana a kan iliminki. Ni abin da na gani da idona zan faɗa, domin har yanzu ran ɗan'uwana yana hannun alƙali, kuma ke kaɗai ce kika yarda da mu lokacin da kowa ya juya mana baya.

Duk wanda ya zauna a Najma, unguwar da mu 'yan ci-rani muke zama a nan Doha, ya san al'adar saƙo. Ranar da aka ji za ka tafi hutu gida, ɗakinka ya zama tasha. Wannan ya kawo abaya, wancan dabino, wani turare, kowa ya naɗe kayansa da salatif, ya rubuta sunanka da lambar wayarka a jikin kwali don kada ya ɓace. Kuma ba a buɗewa. Ka ce wa ɗan'uwa Musulmi ya buɗe saƙonsa? Ai ka kira shi ɓarawo ke nan. Haka Suraj, direban motar kayan miya, ya karɓi kwali daga hannun wani mutum da muke haɗuwa da shi a masallaci. Mun san fuskarsa, ba mu san sunan ubansa ba. Ya ce kayan yara ne. Ina zaune a ɗakin aka miƙa, a liƙe, Suraj ya jefa shi cikin jaka ko juya shi bai yi ba.

Ashe rediyon oba-oba ne a ciki, an cusa su cikin tufafi. Bayan watanni jami'an tsaro suka fasa wani sansanin masu garkuwa da mutane, suka tarar da na'urorin, da gawar wani mai kantin magani da aka sace, da kuma yagaggen kwali ɗauke da sunan Suraj da lambarsa. Da ya sake zuwa hutu, daga filin jirgi aka wuce da shi. Aka tuhume shi da taimaka wa masu garkuwa a ƙarƙashin dokar ta'addanci, kuma tunda an rasa rai, hukuncin yana iya kaiwa ga kisa. Mai kwalin kuwa ya yi layar zana.

Lauyoyin da muka fara nema, da sun ji kalmar ta'addanci sai wayarsu ta daina shiga. Dakta ne ya ji labarin a masallaci ya kai miki, lokacin kin zo wajensa hutu. Kika ce a tara mu a wani gidan abinci a Najma. Ina zaton lallashi za mu sha, wallahi sai kika wanke mu tas.

"Malam Ado, ku manya da ku, a miƙo muku abu a rufe ku tsallake ƙasa da shi? Kunyar nan taku ita za ta kashe ku!"

Na ji zafin maganar, har na yunƙura zan tashi. Sai kika sa aka kawo kwali da salatif, kika ce mu naɗe a gabanki yadda muka saba, mu rubuta suna inda muke rubutawa. Kika yi ta kallo, kina tambaya, wa ke rubutawa, mai kaya ko mai ɗauka? Daga ƙarshe kika ce, "Alƙali bai taɓa kwana a Najma ba. Shi suna ya gani a jikin kayan 'yan bindiga. Aikina in kai masa ɗakin nan naku har cikin kotu."

Kin kuwa yi. Kika koma Abuja kika iske an sa Suraj ya dangwala yatsa a kan bayanin da bai san abin da ke ciki ba, jikinsa duk tabo. Kika tsaya kai da fata sai da kotu ta yi watsi da bayanin nan. A lokacin ne aka fara kiranki lauyar 'yan fashin daji, ana aiko miki da barazana ta waya, har Dakta ya roƙe ki ki ajiye shari'ar. Ba ki ajiye ba. Kuma ba ki taɓa yarda a gabanki a manta da mamacin ba. Ranar da na ce ni ba ruwana da mai kantin magani, ƙanena na sani, kika daka mini tsawa kika ce shi ma ƙanen wani ne, kuma in aka rataye Suraj, wanda ya kashe shi ya sha ke nan har abada. Mahaifiyarmu ma ba ki bar ta ba. Duk zaman kotu sai kin kira ta kin yi mata bayani da Hausa, dalla-dalla, kina ce mata Inna.

Saura abu ɗaya, shaidar wanda ya ga an miƙa kwalin a rufe. Ban da Suraj da mai kwalin, mu uku ne a ɗakin ranar. Biyu suka ce suna da iyali, ban kuma ga laifinsu sosai ba, ko da yake har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki. Kika nemi a ji ni ta bidiyo daga nan, masu gabatar da ƙara suka ƙi amincewa, kotu ta ce sai na zo da ƙafata. Kamfaninmu kuma ya ce in na tafi kafin lokacin hutuna, khalas, wato shi ke nan, kada in dawo. Na tambaye ki ko ni ma za a kama ni, tunda ɗakinmu ɗaya. Ba ki yi mini daɗin baki ba.

"Ba zan yi maka alkawarin ba za su taɓa ka ba," kika ce. "Abin da zan iya, jirgi ɗaya za mu hau, ƙofa ɗaya za mu fita, duk wanda zai riƙe ka sai ya fara yi mini magana."

Don haka kika zo Doha wannan karon, ki ɗauke ni. Ga shi mun bar ki a Abu Hamour, kotu kuma za ta zauna ranar ashirin da huɗu ga wata. Barista, tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Abokai suna ta ce mini in haƙura, wai Inna ba za ta iya rasa 'ya'ya biyu ba.

Jiya na je gaisuwa gidan Dakta. Da zan fito ya riƙe ni, ya ɗauko wata jaka ya ajiye a tsakar falo. Ya zuge ta da kansa, ya fito da kayan ɗaya bayan ɗaya: baƙar rigarki ta kotu, da farar hular lauyoyi, da ƙunshin dabinon da kika saya wa Inna. Ya ce rigar a kai wa Barista Abdul-Rahman, abokin aikinki, wanda ya yarda zai ci gaba da shari'ar kuma zai tare ni a filin jirgi. Na ce haba Dakta, ai ba sai ka buɗe ba. Sai hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Da tana nan, ni da kai duk sai mun sha faɗa in na ba ka a rufe."

Na karɓa. Na kuma miƙa wa kamfani kakinsu. Ranar Lahadi zan hau jirgin, kujerar da ke kusa da tawa babu ke.

Ya Allah Ka jiƙan Haulatu 'yar Ɗalhatu, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Yadda ta tsaya wa wanda ba shi da kowa, Ka tsaya mata ranar da babu lauya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dakta Sharafaddeen, da 'ya'yansu, da iyayenta da 'yan'uwanta, Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi. Allah Ya jiƙan mai kantin maganin nan, Ya tona asirin waɗanda suka kashe shi. Wanda duk ya karanta wannan, in ya yi mata addu'a, ya ƙara da Suraj, ya kuma roƙa mini Allah Ya tsayar da ƙafata a gaban alƙali. Amin.