Masu Bin Bayan Mai Agogo

Tun yana saurayi yake gyaran agogo a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin tela da mai sayar da batir. Da waya ta shiga hannun kowa, agogo ya daina zuwa. Bai rufe shagon ba. Yakan buɗe da safe, ya goge tebur, ya zauna. A wannan zaman ne ya faɗa aikin kundin ilimi na intanet, wanda 'yan sa-kai ke rubutawa, kowa na gyara na kowa. Sunan da unguwa ta sa masa shi ya sa wa kansa a can: Mai Agogo.

Ya yi rubutu kan keken ɗinki, da famfo, da sikeli, da kwaɗo da mabuɗi. Ya kuma yi suna wajen bin bayan sababbi, yana gyara musu ba tare da ya ce uffan ba. Wata ungozoma, wadda shi ya koya mata aikin, takan tsokane shi a taron da suke yi ƙarshen wata a ɗakin karatu.

"Baba, kai fa ko takardar magani aka ba ka sai ka gyara wa likita."

"To, ya iya rubutu mana," in ji shi.

Sai ido ya fara ja da baya. Bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Ita kuma takan ga yana lalubar takalminsa, ta kau da kai. Ya daina iya karanta abin da ya rubuta, yatsa ne kawai ke bin inda ya saba. Tsoronsa ɗaya ne, ranar da zai zama kaya a wuyan abokan aiki. Amma duk lokacin da ya aika rubutu, ba a jimawa wayar za ta yi ƙara: wani ya danna masa maɓallin godiya a kundin. Ko Ungozoma, ko wani direba mai rubutu kan tsuntsaye. Sai ya ce a ransa, ashe da saurana.

A wani taro, wani sabon shiga, mai shagon magani, ya zo da majigi don ya nuna wa baƙi yadda kundin ke ajiye tarihin kowane gyara. Don girmamawa, ya zaɓi maƙalar Baba ta agogon bango.

"Zaɓi wata dai," in ji Ungozoma da sauri.

"Haba Anti, ai ta Baba ta fi kyau."

Rubutu ya hau bango, kowane harafi kamar tafin hannu. Rabon Mai Agogo da ya ga rubutu sarai haka an daɗe. Ya ga sunansa. Ya ga haruffa a cakuɗe, layi ɗaya ya fito sau biyu, ga rabin bayani da ya goge da hannunsa bai sani ba. Kusa da sunansa, sunan Ungozoma, ta mayar da komai daidai. Daga shi sai Direba. Daga shi sai Ungozoma. Mai magani ya yi ta sauka yana neman wuri mai kyau, bai samu ba, ya kashe majigin.

Direba ya kafa wa ƙasa ido.

"Na'urar nan tana da haske," in ji Mai Agogo. Ya miƙe a hankali.

Ungozoma ta bi shi har bakin ƙofa. "Baba, wallahi ba nauyi ba ne. Kai ma ka yi mana."

"Na yi muku, kun koya. Ni me zan koya, 'yata?"

Washegari ya buɗe shago kamar kullum. Ya ciro ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya kawo wayar dab da hancinsa. Ya nemo shafin tarihin. Duk inda Ungozoma ta gyara, ya danna mata godiya. Duk inda Direba ya gyara, haka. Ido na ruwa, yana sharewa da bakin riga. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Da rana matarsa ta kawo masa abinci, ta tarar da wayar a kife, gilashin a kanta.

"Yau ba rubutu, Malam?"

"An gama." Ya jawo abincin gabansa. "Gobe ki raka ni asibiti. Idon nan..."

"Na sani," ta ce.

Ta sunkuya, ta tura masa takalminsa kusa da ƙafa.