Akuyar da Na Sa Aka Yanka

A gidanmu na Tudun Wada, da an idar da sallar magariba, Kaka Asabe takan ja tabarma kusa da murhu tun garwashin tuwo bai mutu ba, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ne babba, ina aji biyar. Boko ya fara kumbura mini kai, duk abin da na ji sai na rubuta a bayan littafina na makaranta.

Tana da tatsuniyar akuyar da ta haɗiye muryar mai shela. Bawan Allah ya yi barci a inuwa baki buɗe, akuya ta zo ta lashe muryar. Gari ya rikice, mai shela na "meee", akuya na yawo tana sanar da ranar suna. Ranar farko da Kaka ta ba mu, yanka akuyar aka yi aka ciro muryar. Ƙanwata Hauwa ta sha kuka har da majina.

Bayan kwana uku ta maimaita. Wannan karon wata tsohuwa ce ta turara barkono, akuya ta yi atishawa, murya ta faɗo. Hauwa na dariya har da birgima. Ni kuwa na zaro littafina.

"Kaka, ƙarya kike yi! Ran nan yanka ta aka yi. Ga shi a rubuce."

Matan gida suka juyo suna kallonmu. Kaka ta daɗe tana duban rubutun bokon da ba ta iya karantawa.

"To, maigidana," in ji ta, "tunda malamai sun rubuta, a yanka ta."

Daga ranar, ko wace tatsuniya ta ɗauko, sai ta riƙa tsayawa tana tambayata, "Haka yake a takarda?" Ni a wautata ina jin daɗi. Hauwa ta daina zama, ƙananan suka koma gyangyaɗi. Kafin damina Kaka ta ce maƙogwaronta na ciwo, ba ta kuma shimfiɗa tabarmar ba.

Yanzu littattafai nake rubutawa. Ɗaliban jami'a daga unguwar Kongo kan zo neman shawara, ni kuma in gyara zama in ce: rubutun farko gwaji ne kawai. Ka karanta wa mutane da baki, kana duban fuskokinsu. Inda hankalinsu ya tafi, ka rage. Inda ka cuci mai sauraro a banza, ka sake. Su rubuta, su yi godiya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Abin da tsohuwa take yi ke nan a bakin murhu, na kira shi ƙarya a gaban surukanta, har ta rasu ban nemi gafararta ba.

Bara na je unguwar Hanwa wurin Hauwa, na tarar tana ba 'ya'yanta labarin akuyar. Na zauna a bakin ƙofa ina jiran barkono. Sai na ji a labarin an ɗauko wuƙa.

"Hauwa, ba atishawa ta yi ba?"

Ta dube ni da mamaki. "Wace atishawa, Yaya? Ai yanka ta aka yi."