Takardar da Mushe Safiyanu ya bar mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mushe (wato Malam) Safiyanu Ɗan'iya a gidansa na Malanville, bayan jinyar wata biyu. Shekara goma sha bakwai yana shugabantar alƙalan gasar muhawara ta 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, tsakanin Malanville da Guéné da Toumboutou. Ni kuwa ina horar da yaran makarantar da nake koyarwa a Guéné.

Mushe, ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki surutun yara da muhimmanci kamarka ba. Kai ne mai aron benci, kai ne mai neman ɗaki, kai ne mai hawa kabu-kabu har Toumboutou ka roƙi uba ya bar ɗiyarsa ta zo ta yi gardama gaban jama'a, abin da a gida ake yi mata faɗa a kansa. Agogonka bai san ɗan kowa ba. Na ga ka katse ɗan wani babban ɗan kasuwa a tsakiyar magana, uban na zaune a layin gaba, shi ne kuma ya sayi kofin. In an gama, ba ka zuwa wajen masu murna. Bencin waɗanda suka faɗi kake nufa, ka zauna, ka bi musu makinsu ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ɓata lokaci na ɗauke shi.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun kana da rai.

A wasan ƙarshe na 2018 mun haɗu da Toumboutou. Batun shi ne ko ya dace a hana kiwon yawo. Na dawo daga jami'a ba da daɗewa ba, kaina cike da littattafai, ina ganin duk ƙasar nan ba mai Faransanci irin nawa. Na zauna na rubuta wa ɗalibata Zaituna jawabinta daga farko har ƙarshe, ta haddace. Doka ta hana hakan, na kuma sani. Ta tashi ta zuba shi ba gargada, ɗaki ya ɗauki tafi. Balkisu ta Toumboutou kuwa Faransancinta na tuntuɓe, amma ta san nisan rijiya daga gonaki, ta san watan da ciyawa ke ƙarewa, ta san abin da ke kai saniya cikin gero.

Da lokacin tambaya ya zo, ka cire tabarau, ka dubi Zaituna. Ka ce, "Ɗiyata, magana ta yi daɗi. To a ce kakarki ce zaune nan, ba ta jin Faransanci. Gaya mata mi kika ce, da Dendi ko da Hausa, duk wanda ya yi miki." Yarinya ta juyo tana dubana, ni kuma na sami abin kallo a ƙasa.

Toumboutou ta ci. Kafin mu hau mota magana ta fita: ai matar Mushe 'yar Toumboutou ce, surukansa ya yi wa aiki. Ban ƙirƙiri wannan magana ba. Ban kuma ƙaryata ta ba. In an faɗa a gabana sai in ɗaga kafaɗa, kuma kafaɗar mai ilimi shaida ce a wajen mutane.

Da aka kawo mana takardun maki, na ga rubutunka a bayan tawa: "Madam, jawabinki ya yi kyau ƙwarai. Baɗi a bar yarinyar ta yi nata." Ke nan ka sani tun daga jimlar farko. Da ka kai wa kwamiti, da an cire ni, da maganar surukai ta mutu a ranar. Ba ka kai ba. Shekara bakwai muna haɗuwa, ina gaishe ka gaisuwar da ba a iya kama mutum da ita, kana tambayata yaran. Kai ne ma ka sa sunana cikin alƙalai. Da na tambaye ka dalili, ka ce wanda ya taɓa saƙa tabarma shi ke gane inda aka yi ha'inci. Dariya kake yi, ni ban yi ba.

Zaituna ba ta sake shiga gasa ba. Kai ka je gidansu sau biyu kana lallashinta. Ni da na jawo ban je ba.

Ran sadakar uku ina zaune cikin mata, na ji wata tana cewa ƙasa-ƙasa, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, in ban da abin nan na Toumboutou. Matarka Karimatu na kusa, ta ji. Ba ta ɗaga kai ba. Nan ma ban ƙaryata ba, na dawo gida na ɗauki alƙalami, don shi kaɗai na iya.

To jama'ar Malanville da Guéné, ku ji. Mushe Safiyanu bai yi son kai ba. Hukuncinsa daidai ne, ni ce na yi maguɗi, ya rufa mini asiri da nasa mutuncin. Takardar tana hannuna, na kai kwafinta ga kwamiti, su yi da ni abin da suka ga ya dace. Zaituna, duk inda kike, ba ke kika faɗi ba.

Yaya Karimatu, an sa sunanki a bakin mutane shekara bakwai saboda ni. Zan zo da ƙafata in roƙe ki. In kin ƙi yafewa ba zan ga laifinki ba.

Allah ya jiƙan Mushe, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri ranar da ba mai rufawa sai Shi. Allah ya ba Karimatu da 'ya'yansa Taufiq da Na'ima haƙurin rashi, da duk yaran da ya taɓa zama kusa da su ranar da suka faɗi. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Munawwara Idrisu, Guéné